Asabarin Zamani: Hajar Da Ba A Sayar Da Ita Kamar Atamfa

Duk wanda ya taɓa shiga banki ko asibitin kuɗi ko ofishin kamfanin waya a unguwar Akwa ko Bonanjo cikin birnin Duwala, ya ga irin labulen nan mai falle-falle a tsaye, wanda ake juya shi da wata 'yar sarƙa mai kama da carbi. Masu Faransanci suna kiransa “store californien”, amma mu a wannan shafi za mu kira shi asabarin zamani, domin kuwa aikinsa ɗaya ne da na asabarin da iyayenmu mata ke ratayawa a ƙofar ɗaki: ya tare rana da idon mai wucewa, ya kuma bar iska ta shiga.

A da can ba a ganinsa sai a ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni. Yanzu kuwa ya shiga falon gidaje da kantunan magani da otal-otal, tun daga Duwala har Garwa da Marwa da Kusuri, ya tsallaka Injamena da Yola da Mubi. Wannan ne ya sa 'yan uwanmu 'yan kasuwar kan iyaka, musamman masu sayar da yadin labule da darduma da ledar ɗaki, suka fara sa masa ido.

To sai dai kama da wane ba ta wane. Turmin atamfa yadi shida ne a Duwala, yadi shida ne a Kusuri, kuma idan ba a saya bana ba za a saya baɗi. Taga kuwa ba ta da awo ɗaya, kowane magini da yadda ya bar tasa. Ga shi kuma wannan haja tana da ƙananan sassa masu karyewa, tana buƙatar wanda ya iya kafa ta, sannan igiyarta tana iya halaka yaro. Ɗan kasuwar da ya ɗauko ta babu tef ɗin awo, babu kayan gyara, babu mai kafawa, ya sayo wa kansa rigima da abokan ciniki ne da kuɗinsa.

Mene ne a cikin kwalin?

An ƙirƙiro wannan labule ne a Amurka wajen shekarar 1950, a hannun wasu mutum biyu, Edward Bopp da Frederick Bopp na birnin Kansas. A yau kuwa yawancin wanda ke shigowa ƙasashenmu daga Sin yake fitowa, wasu kuma daga Turkiyya da Dubai.

Sassansa huɗu ne. Na farko shi ne layin alminiyam da ake kafawa a saman taga. Na biyu su ne 'yan ƙugiyoyin roba da ke gudu a cikin layin, kowace da ɗan haƙorin da ke juya ta. Na uku su ne fallayen kansu, waɗanda akan yi da roba mai ɗan tauri ko da yadi mai sanƙararren jiki. Na huɗu kuma igiyar da ke ja da sarƙar da ke juyawa, ko kuma sanda guda da ke yin aikin biyun. Fallayen yadi suna da aljihu a ƙasa inda ake zura wani abu mai ɗan nauyi don su miƙe, sannan wata siririyar sarƙa ta haɗa su don kada iska ta watsa su.

Faɗin falle iri biyu ne aka fi sani a kasuwa: milimita 89 da milimita 127. Kowace mita ɗaya ta faɗin taga tana cin falle kamar 13 na ƙaramin, ko kamar 9 na babban. Ya kamata mai saye ya riƙe wannan lissafi, domin ƙugiya da nauyin ƙasa na wannan ba sa shiga na wancan. Hasali ma ƙugiyar wani kamfani ba lallai ta hau layin wani kamfani ba, ko da faɗin fallensu ɗaya ne.

Ana shigo da kayan ta hanya biyu. Akwai wanda aka riga aka haɗa a kwali da awo tsayayye, akwai kuma wanda ke zuwa a warwatse: layin a dogayen sanduna na kusan mita 6 daidai tsawon ƙaramar kwantena, yadin a naɗe kamar faifai, galibi mita 100 a kowane naɗi, ƙugiyoyi kuma a buhu. Wannan na biyun shi ne ake yankawa daidai tagar mai gida, kuma a nan sana'ar take.

Daga bakin ruwa zuwa New Bell

Tashar jiragen ruwan Duwala tana bakin kogin Wuri ne, kimanin kilomita 50 daga teku, kuma hanyar da jiragen ke bi ba ta da zurfi sosai, mita 7 ce ko kusa da haka, kullum sai ana yashe ta. Saboda haka manyan jiragen da ke tasowa daga Sin ba sa iya shigowa da cikakken lodi, sau da yawa akan sauke kwantenonin a wata tashar, ƙananan jirage su ƙaraso da su. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka gina tashar Kiribi mai zurfi, wadda ta fara aiki a Maris na 2018. Duk da haka Duwala ce har yanzu babbar kasuwar da ake rarraba kayan, kuma ta Kamaru ne mafi yawan kayan Chadi da Afirka ta Tsakiya ke bi.

Hukumar da ke tafiyar da tashar, wato Port Autonome de Douala, an kafa ta a 1999. Daga 2005 zuwa ƙarshen 2019 kamfanin DIT, na haɗin gwiwar Bolloré da APM Terminals, shi ne ke riƙe da sashen kwantena, kafin hukumar ta karɓi aikin da kanta a Janairun 2020.

Idan kwantena ta fito, kayan ɗaki irin waɗannan sukan bi ta hannun manyan 'yan sari na kasuwar Mboppi, da kantunan 'yan Sin da suka jeru a titin Ahmadou Ahidjo a Akwa tun shekarun 2000, da kuma kasuwar Kongo da Babbar Kasuwa, waɗanda ke yankin New Bell. Kasuwar Kongo ita ce cibiyar yadi da teloli, kuma a nan ne mai neman labule na kowane iri ya fi yawan fara tambaya.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Tun daga 1910 Jamusawa suka ƙulla shirin tayar da mutanen Duwala daga bakin ruwa su mayar da su wani sabon wuri a bayan gari da suka kira Neu-Bell, tare da barin fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan ƙasa da yawa ba su yarda sun zauna a sabon wurin ba, sai ya zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, da Bamileke, da Basa, da mutanen Afirka ta Yamma. Daga nan unguwar Hausawa da Babban Masallacin New Bell suka samo asali. Har gobe ɗan kasuwar da ya sauko daga arewa a nan yake samun mai masauki, da wanda zai raka shi wurin 'yan sari, da wanda zai haɗa shi da direba. Wannan tsohon tsari na mai gida da baƙonsa yana da amfani ƙwarai a wannan haja, domin wanda ke Kusuri yana buƙatar amintacce a Duwala da zai aiko masa da ƙugiya 200 irin ta layin da ya saya bara, ba wata iri ba.

Lissafin duwan da na hanya

Wanda ke son ya shigo da kayan da kansa daga waje, sai ya fara da lissafin duwan, wato kwastan. A tsarin da ƙasashen ƙungiyar CEMAC suka daɗe a kansa, harajin shigo da kaya hawa huɗu ne: kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 30 cikin ɗari, kuma kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa galibi a hawa na ƙarshe suke faɗawa. A kan wannan kuma Kamaru tana ɗora harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari. Alal misali, kayan da kuɗinsu da na jirgi da inshora ya kama sefa 1,000,000, idan aka ɗora kashi 30 sun zama 1,300,000, idan TVA ta hau sun zama 1,550,250. Ba a yi maganar sauran ƙananan kuɗaɗe ba, da ladan wakilin da zai fitar da kayan, da kuɗin ajiya idan kwantena ta wuce kwanakin da aka ɗebar mata. Kayan da za su wuce Chadi ko Bangi kuwa a ƙarƙashin takardar wucewa suke tafiya, ana ajiye kuɗin jingina, duwan kuma su liƙa wa motar na'urar da ke nuna inda take har ta tsallaka iyaka.

Wannan ya sa ga mai ƙaramin jari, sari a Duwala ya fi masa sauƙi. Amma ko shi ma hanya tana jiransa. Daga Duwala zuwa Injamena kusan kilomita 1,800 ne, ta Yawunde da Bertuwa da Garwa-Bulai da Ngaundere, daga nan ko a miƙe ta Garwa da Marwa zuwa Kusuri, ko a ratse ta Tubboro, kusa da kasuwar Mbaibum. Akwai kuma jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Ngaundere tun 1974, kamfanin Camrail ke tafiyar da shi tun 1999.

Abubuwa biyu ne ke kashe wannan haja a hanya. Na farko lanƙwasa: layin alminiyam ba shi da kauri, idan yaran mota suka ɗora masa buhun shinkafa ko suka ɗaure shi da igiya a saman bas, ya tanƙware ko da kaɗan ne, ƙugiyoyin ba za su sake gudu ba, kuma ba ya miƙuwa. Sai a haɗa layukan wuri ɗaya, a ɗaure su a jikin katako, a ɗora su a saman lodi. Na biyu zafi: fallen roba idan ya kwana biyu a naɗe ko a jingine a ƙarƙashin tamfol cikin rana, yakan karkace ya zauna a haka. Mai karatu zai tuna yadda daga Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021 'yan tawayen Afirka ta Tsakiya suka tare hanyar Bangi, motoci fiye da 1,000 suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai. A irin wannan jira yadi yana jurewa, roba kuwa sai abin da hali ya yi. Don haka a shimfiɗa fallen roba a kwance cikin kwalinsa, a tsakiyar lodi inda rana ba ta kaiwa.

Damshi a kudu, ƙura a arewa

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka abin da ya yi kyau a shagon Akwa zai yi kyau a Marwa. Duwala tana samun ruwan sama da ya haura milimita 3,500 a shekara, Yuli da Agusta kusan ba a ganin rana. Marwa kuwa wajen milimita 800 take samu, Kusuri ma ba ta kai haka ba, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40.

A Duwala abokin gabar wannan labule shi ne damshi. Fallen yadi yakan yi hunhuna, baƙaƙen ɗigo su fito masa tun daga ƙasa, nauyin da ke aljihunsa idan na ƙarfe ne ya yi tsatsa ya ɓata yadin, maƙalan da ke riƙe layin su ma su ci tsatsa saboda iskar teku. Saboda haka a nan fallen roba ya fi dacewa, da nauyin roba, da ƙusoshin da ba sa tsatsa. A unguwanni irin New Bell inda ruwa ke shiga ɗaki idan an yi mamako, kada a bar falle ya sauka har ƙasa, a tsayar da shi a bakin taga.

A arewa kuwa rana ce da ƙura. Rana tana gasa roba har ta yi rauni, farar ta koma ruwan ɗorawa, wuyan ƙugiya ya riƙa ɓallewa da an taɓa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga cikin layin ta cushe haƙoran. A can fallen yadi mai kauri, mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka, ya fi daɗewa, kuma ya fi ɓoye ƙura. Ɗan kasuwar da zai kai kayan arewa ya ninka yawan ƙugiyoyin gyara da zai riƙe, domin su ne za a fara dawowa nema.

Awo da kafawa

Tun ran gini ran zane. Kada a yarda da awon da mai gida ya aiko ta waya, ko wanda ya auna da taku ko da igiya. A je da tef na ƙarfe, a rubuta da santimita, a rubuta faɗi kafin tsawo, a kuma sa wa kowace taga lamba, domin tagogi biyu na ɗaki ɗaya ba safai suke zuwa daidai ba.

Idan a cikin ramin taga za a kafa, a auna faɗin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta a rage santimita 1. Haka za a yi wa tsawon, a bar santimita 1 zuwa 2 tsakanin falle da dandamalin taga. Idan kuma a jikin bango za a kafa daga waje, a ƙara santimita 10 zuwa 15 a kowane gefe da kuma sama, don kada haske da ido su riƙa leƙowa ta gefe. A yawancin gidajenmu wannan na biyun ya fi, saboda ƙarfen tsaro da ke cikin ramin taga, da kuma hannun tagar gilashin nan mai falle-falle da ake kira nako a Kamaru, luba a Nijeriya. Falle yana buƙatar sararin juyawa: daga tsakiyar layin zuwa bango ko ƙarfe a bar aƙalla santimita 6 ga ƙaramin falle, santimita 8 ga babban.

Maƙalan da ke riƙe layin, a sa ɗaya kimanin santimita 10 daga kowane ƙarshe, sauran kuma kada tazararsu ta wuce santimita 70 zuwa 80. Dole su zo a miƙe daidai da juna, a gwada da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, domin idan layin ya karkata fallaye za su riƙa zamewa gefe ɗaya. Kafin a huda bango a duba inda wayar lantarki ta bi, don masu aikin wuta sukan bi da ita ta saman taga.

Bango ma iri-iri ne. Na bulo da siminti sai an huda da inji an cusa 'yar roba kafin a ɗaura ƙusa mai murɗi. Gidajen katako irin na tsofaffin unguwannin Duwala, da ake kira karabot, ƙusar tana kama su kai tsaye, amma a nemi ginshiƙi, kada a dogara da allon da ya sha ruwa. Silin na falankin katako shi ma sai an laluba inda sandar take. Bangon ƙasa kuwa, irin na gidajen arewa da aka shafe da siminti, ba ya riƙe ƙusa. A fara kafa doguwar katako a saman tagar a kama ta da kyau, sannan a ɗaura maƙalan a jikinta.

Bayan layin ya hau, a ja sarƙa har dukkan ƙugiyoyin su fuskanci gefe ɗaya kafin a rataya falle ko guda. Daga nan a rataya su, ɗinkin kowanne yana kallon gefe ɗaya, a zura nauyin, a haɗa sarƙar ƙasa. Kafin mai kafawa ya karɓi kuɗinsa, ya tara mutanen gidan, har da 'yan aiki da manyan yara, ya nuna musu doka ɗaya: a fara juya fallaye su buɗe, sannan a ja su gefe. Jan su a rufe shi ne ke karya haƙoran ƙugiya fiye da komai.

Kulawa da gyara

Kada a zuba wa layin baƙin mai ko man keken ɗinki ko man gyaɗa. Mai yana kama ƙura ya zama laka, ya kuma ɗiga a kan falle. A goge cikin layin da busasshen buroshi ko tsumma, idan ya yi tauri a fesa masa ɗan man silikon, wanda ake samu wurin masu kayan mota.

Fallen roba tsumma mai ɗan ruwan sabulu ya ishe shi, a goge daga sama zuwa ƙasa ana riƙe da shi don kada a fizge ƙugiya. Na yadi kuwa a kakkaɓe shi duk mako, lokacin hunturu ma fiye da haka. Idan wanki ya kama, a cire nauyin da sarƙar, a naɗe fallayen sako-sako, a jiƙa su a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye. Ba a cuɗa su, ba a matse su, ba a buga su a kan dutse, ba a sa musu dutsen guga ko ruwan bilic. A mayar da su kan layin da danshinsu, a zura nauyin, su bushe a miƙe. A Duwala a zaɓi ranar da rana ta fito, in ba haka ba hunhunar da ake gudu ita za a gayyato.

Idan falle ɗaya ya juya baya ga 'yan uwansa, sau da yawa jan sarƙar har ƙarshe a hankali, gaba da baya, yana mayar da shi layi. Idan ramin da ke saman falle ya yage, ana canja 'yar robar da ke ciki. Idan ƙugiya ta karye, a sauke layin a buɗe murfin gefe a zare ta a sa sabuwa. Duk waɗannan ayyuka ne na mintoci, amma sai ga wanda ke da kayan a shagonsa. Shi ya sa muke ba da shawarar duk wanda aka kafa wa, a bar masa falle biyu ko uku daga naɗin da aka yanka nasa, domin launin naɗin bana ba lallai ya zo daidai da na baɗi ba.

Igiyar da ke kashe yara

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a wannan rubutu. Igiyar ja da sarƙar juyawa duk zagaye suke, kamar zarge, kuma sukan sauko daidai wuyan yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya. Yaro yana sa kansa ciki yana wasa, ya zame, cikin 'yan mintoci numfashi ya tsaya, kuma ba ya iya yin kuka balle uwarsa ta ji daga madafa. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta fitar a ƙarshen 2017 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2015, yara 'yan ƙasa da shekara 6 kusan 17,000 aka kai asibiti a ƙasar saboda raunin da ya shafi irin waɗannan labulaye, kuma 271 suka rasu, mafi yawansu ta hanyar shaƙewa da igiya.

Saboda haka ne Turai ta tsaurara ƙa'idarta a 2014, ta ce dole a kama igiya a jikin bango ko a yi sarƙar mai tsinkewa da kanta idan nauyi ya hau ta, kuma wadda aka kama a bango kada ta sauko ƙasa da mita ɗaya da rabi daga daɓe. Amurka kuma daga Disambar 2018 ta daina barin a sayar da na kwali mai igiya a sake. Kayan da ke shigo mana ba duka ne ke bin waɗannan ƙa'idoji ba, kuma gidajenmu cike suke da yara. Don haka nauyin ya dawo wuyan mai sayarwa da mai kafawa. A gidan da ke da yara a ba da mai sanda. In kuwa mai igiya ne, a gajarta ta, a kafa maƙalin da zai riƙe ta a miƙe a jikin bango, a kuma janye gado da kujera da akwati daga gindin tagar.

Akwai kuma batun dalma. A Yunin 1996 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta gano cewa wasu labulayen roba masu falle a kwance da ake shigarwa daga Sin da Taiwan da Meziko da Indunusiya an haɗa su da dalma, kuma rana da zafi suna sa robar ta riƙa fitar da gari mai guba wanda yara ke shafa su kai baki. Wancan irin na kwance ne, amma darasin ya shafi duk wata roba mai araha da za ta sha ranar arewa. A nemi takardar shaida wurin ɗan sari, kuma fallen da ya fara fitar da farin gari a hannu a sauke shi.

Inda bai dace ba

Ɗan kasuwa na gari yakan gaya wa mai saye gaskiya ko da za ta rage masa ciniki. Asabarin zamani ba ya hana sauro, sai an sa wa taga raga. Ba ya jure hayaƙin madafa, kuma kaskon turaren wuta ko fitilar kananzir a gindinsa haɗari ne. Idan fanka na kaɗawa fallaye suna buɗewa, da dare kuma idan an kunna wuta mai siririn yadi yana nuna inuwar na ciki. Saboda haka a ɗakin matan aure, inda sutura ce gaba da komai, labulen yadi bai da magaji, sai dai a haɗa biyun. Wurinsa shi ne falon baƙi, da shago, da ofis, da babbar taga ko ƙofar gilashi.

Ga wanda ya ga zai iya, shawararmu ita ce ya fara da kaɗan: kamfani ɗaya, faɗin falle ɗaya, launi uku ko huɗu, da buhun kayan gyara. Ya turo yaro ɗaya mai hankali Duwala ya zauna wurin masu haɗawa ya koyi yanka da ɗinki da kafawa, ya koma da injin huda bango da tef. Araha ba ta ado, kuma a kasuwar kan iyaka inda kowa ya san kowa, labule ɗaya da ya faɗo ko yaro ɗaya da ya shaƙe ya isa ya rufe wa mutum ƙofar ciniki. Allah ya sa albarka a nema, ya kuma tsare mana zuri'a.